Labule Ba Ƙofa Ba Ne

Duk wanda ya taɓa shiga cPanel don gyara shafinsa na intanet ya san baƙaƙen ɗigogin nan da ke fitowa idan yana buga kalmar sirri. Suna kwantar da hankali. Mutum ya ga haruffansa sun ɓuya, sai ya ɗauka asiri ya rufu.

Alhali ɗigogin nan labule ne kawai. Idon wanda ke tsaye a bayanka suke tarewa, aikinsu ke nan. Abin da zai sami kalmar bayan ta bar kwamfutarka, babu ruwansu.

Ɗaga ido ka dubi adireshin da ke saman allo. Mashiga biyu cPanel gare shi, 2082 da 2083. Ta farko tana aika kalmarka a fili, yadda ka buga ta. Wanda kuke kan intanet ɗaya da shi, a otal ko a makaranta, in ya san kan abin yana iya karanta ta. Ta biyun, mai https, sai ta cuɗe kalmar kafin ta kama hanya. Lamba ɗaya ce tsakaninsu, ɗigogin kuwa ba su da bambanci ko kaɗan. Har shafin bogi da ɗan damfara ya turo maka ta imel, wai ma'ajiyarka ta cika, irin ɗigogin nan zai nuna maka.

Abin da ya sa nake jin zafin wannan sakaci shi ne, kalmar nan ɗaya ita ke buɗe komai: fayiloli, rumbun bayanan abokan ciniki, da akwatunan imel, waɗanda ta cikinsu ake sauya kalmomin sirrin wasu wuraren. A watan Nuwamba na 2021, kamfanin GoDaddy ya sanar cewa da kalmar sirri guda da aka sata wani ya kai ga bayanan masu shafukan WordPress kimanin miliyan 1.2, kuma ya fi wata biyu a ciki kafin a farga.

Doguwar jimla mai kalmomi biyar da ba su da alaƙa ta fi gajeriyar kalma mai ƙawa wuyar cinta, to amma tsawonta bai hana a sace ta a hanya.

Saboda haka kafin ka buga harafin farko, karanta adireshin. Kunna tantancewa mai mataki biyu, wadda ke neman lambobi shida daga wayarka. In kuma kamfanin da kake haya a wurinsa har yanzu ya bar 2082 a buɗe, rubuta masa ya rufe ta.