Shin Baƙo Zai Iya Gyara Mana Gidan Yari?

Akwai maganar da mu mata ba mu son a tayar a gidan biki ko na suna, wato maganar gidan yari. Da an ce ɗan wance yana tsare sai kowa ta kame bakinta, uwar yaron ma ta daina fita unguwa don kunya. Alhali kuwa 'yar'uwa, cikin mutum uku da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya, kusan biyu alƙali bai yanke musu hukunci ba. Jiran shari'a kawai suke yi, wani wata shida, wani shekara da shekaru. Ga shi tun da 'yan bindiga suka addabi Jibiya da Batsari da Safana zukata sun yi zafi, duk wanda aka ce an kama, ko a Mashi ne, ba mai tsayawa tambayar me ya yi.

To ana cikin wannan hali ne ƙasashen waje ke kawo kuɗi wai a gyara shari'a. Ingila ta yi wani shiri mai suna J4A daga 2010 zuwa 2017, ya shiga Kano da Jigawa da Kaduna. Tarayyar Turai ta soma nata, RoLAC, a 2017. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2015 ta fitar da ƙa'idojin riƙon fursuna, aka sa musu sunan Mandela da ya yi shekara 27 a kulle. A 2019 marigayi Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a dokar da ta mai da sunan gidan yari gidan gyaran hali.

Wasu na cewa abin kunya ne baƙo ya zo ya share maka ɗaki. Ni dai a nawa ɗan tunanin, wanda ɗakinsa ke wari ba ya fushi da mai ba shi aron tsintsiya. Abin dubawa shi ne, baƙon yana sauraren masu gida kuwa?

Ki tuna shari'ar Amina Lawal a nan jiharmu ta Katsina. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa, kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Duniya ta ɗauka, wasiƙun zanga-zanga suka yi ta kwarara daga Turai da Amurka, wasu ma cike da kuskure da zagin addini. Abin mamaki, matan ƙungiyar BAOBAB da ke taimaka mata su da kansu suka roƙi a tsai da wasiƙun a 2003, don suna tsoron kada surutun ya harzuƙa mutane abin ya ƙare a kan ita baiwar Allahn. Suka ce mai son taimako ya tallafa da kuɗin ɗaukaka ƙara. Lauyoyinta, irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da littattafan Malikiyya suka shiga kotu, suka kawo hujjar cewa mai iƙirari na da damar janyewa, da hujjar kwantaccen ciki, abin da ko kakanninmu sun sani. Ranar 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta sallame ta. Hayaniyar baƙi ta kusa ɓata miya, amma wanda ya saurari na gida ya miƙo hannunsa ta inda aka nuna masa, shi kam ya yi amfani.

Sai dai abin da ya fi ci mini rai ba ya wajen Turawa, yana wajenmu. An yi taro a otal, an ci an sha, an rubuta dokoki masu kyau, amma wallahi matar da ke daka a tsakar gida ba ta taɓa jin labarinsu ba. Kin san dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi tasu a kan tsarinta, ta ce ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce? Kin san ta hana a kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta maimaita haka? Kin san ta ɗora wa majistare ya riƙa leƙa ofishin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare? Mata nawa ne suka sayar da akuya da kwanukan jere suka kai kuɗin beli a caji ofis, alhali belin can kyauta ne a doka?

Kuma ko an sako mutum, mu ne ke fara rufe masa ƙofa. In namiji ne a hana shi aure, in mace ce kuwa, Allah sarki, ta tarar an yi mata kishiya ko takardar saki na jiran ta, ko da kotu ta wanke ta tas. Wannan ba kuɗin Ingila da zai gyara shi.

In an tsare naki, 'yar'uwa, ki aje kunya ki yafa mayafi ki je. Ki nemi lambar ƙara da ranar zaman kotu ki sa a rubuta miki. In babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauya ta gwamnatin tarayya, tana da ofishi a Katsina, kuma don talaka aka kafa ta tun 1976.