Tsakanin Haram Da Ƙyama: Hukuncin Abincin Sinawa Da Al'adunsu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda kakanninmu ba su yi tsammanin za ta iso ƙofar gidajenmu ba. A zamanin da, fataken ƙasar Hausa Gwanja suke zuwa neman goro. A yau kuwa ɗan kasuwa yakan tashi daga Talatar Mafara ko Bakura ko Maradun, ya sauka Kantin Kwari a Kano ya yi ciniki da Basine, in jarinsa ya yi ƙarfi ya hau jirgi sai birnin Guangzhou. Can yunwa za ta kama shi kamar yadda takan kama shi a Gidan Goga, kuma abokin cinikinsa zai gayyace shi cin abinci. To, shin ya ci ko ya ƙi? In ya ci, ina iyaka? In ya ƙi, shin addini ne ya hana shi, ko kuwa zuciyarsa ce kurum ta tashi?

Kafin hukunci, ya kamata mu san mutanen da muke magana a kansu. Sinawa ba baƙin jiya ba ne a ƙasar nan. Tun 1964 wani attajirin Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa babbar masaƙa a Kaduna, wadda ta ci da dubban iyalai. Nijeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1971. A 2004 aka buɗe kasuwar Sinawa mai jar katanga a Ojota ta Legas, a 2019 kuwa masarautar Kano ta naɗa wa Sinawa mazauna birnin wakili da rawaninsa. Manyan biranen duniya da yawa, daga Landan har San Faransisko, suna da unguwar da Sinawa suka taru da gidajen abincinsu da shagunansu. Kada wannan ya ba mu mamaki, domin abin da muke kira zango ke nan. Bahaushe ya kafa zango a Kumasi da Akara, ya kai tuwonsa da furarsa da masallacinsa, 'yan ƙasa suna kallonsa kamar yadda muke kallon Basine a yau. Wanda ɗan'uwansa ke zaune baƙo a ƙasar wasu, shi ya fi cancanta ya san darajar baƙo.

Kuma tun kafin mu ga Basine da idonmu, kayansa sun riga shi shigowa. Kalmar shayi mun karɓe ta daga Larabci, asalinta kuwa daga bakin Sinawa ta fito, kuma koren ganyen da Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta daga can ake kawo shi. Awarar da 'yan mata ke soyawa a bakin makarantu, Sinawa sun daɗe da sanin yinta da waken suya tun ɗaruruwan shekaru. Takardar da ake rubuta Alkur'ani a kanta, su suka fara yinta, Musulmi suka koya a Samarkand cikin ƙarni na 8. Ashe wanda ya ce ba ya taɓa kome na Sinawa, ya manta da abin da ya karya kumallo da shi.

Asalin mas'alar shi ne mu rarrabe abu biyu waɗanda mutane suka saba gwamutsawa, watau haram da ƙyama. Haram hukuncin Allah ne, ba ya canzawa daga gari zuwa gari. Ƙyama kuwa 'yar sabo ce, kowa da irin tasa. Babu abin da ya fayyace wannan kamar ƙissar damo, wadda Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito. An kawo gasasshen damon hamada a ɗakin Nana Maimunatu, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙa hannu, da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye. Halidu ɗan Walidu ya tambaye shi ko haramun ne. Ya amsa masa da cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Halidu ya jawo akushin ya ci, Annabi yana kallo bai hana shi ba.

Ku dubi wannan ladabi. Mafificin halitta ya ji ƙyamar wani abinci, amma bai mai da ƙyamarsa shari'a ba, bai kuma zagi masu ci ba. An ruwaito daga Abu Huraira cewa bai taɓa aibata abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Mu kuwa da zarar mun ga abin da ba mu saba da shi ba, sai mu yi tsaki mu ce ƙazanta ce, wani ma ya yi fatawa nan take. Alhali kuwa a Suratun Nahli, aya ta 116, Allah Ya yi kashedi ga masu sakin harshe suna halattawa suna haramtawa bisa ƙarya. Haramta halal laifi ne kamar halatta haram. Mu da muke cin soyayyar fara da yaji, muke zuba daddawa a miya, mun san akwai al'ummomin da warin daddawa kaɗai ya isa ya kore su daga zaure. In an kawo maka jatan lande ko ƙaguwa a teburin Sinawa, mazhabar Malikiyya ta halatta dabbobin ruwa baki ɗaya, ba sai an yanka ba. In ba ka so, ka bari cikin mutunci, ka ce ba ka saba ba.

To, amma kada wani ya fahimci cewa ƙofa a buɗe take ba marfi. Akwai abu uku da Musulmi zai kiyaye a gidan abincin Sinawa, kuma dukansu nassi ne ya zo da su.

Na farko alade. Shi ne naman da Sinawa suka fi ci, har kusan rabin aladen da ake ci a duniya a ƙasarsu ake cinsa. Hatsarin bai tsaya ga tsokar da ido ke gani ba. Sukan soya ganye da kitsensa, sukan dafa romo da ƙashinsa, sukan niƙa shi su cusa cikin ƙullin fulawa. Mutum zai ga kwano cike da kabeji ya ɗauka ya tsira, alhali man da aka soya shi da shi ne matsalar.

Na biyu giya. Akwai wata giyar shinkafa da masu dafuwarsu ke zubawa a nama da kifi don kashe ƙarni. Su a wurinsu kayan miya ce kamar gishiri, ba za su ma tuna su ambata ta ba sai an tambaya.

Na uku yanka. Suratul Ma'ida, aya ta 5, ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, watau Yahudu da Nasara. Mafi yawan Sinawa kuwa ba sa cikin waɗannan, saboda haka kazarsu da sansu ba su halatta gare mu ba, ko da dabbar kanta halal ce. Amma shinkafarsu da taliyarsu da ganyensu da kifinsu da ƙwansu, in sun kuɓuta daga biyun farko, babu laifi a cikinsu. Game da tukwane da kwanoni, hadisin Abu Sa'alaba al-Hushani ya nuna hanya: in an sami wasu a yi amfani da su, in ba a samu ba a wanke a ci.

Allah kuwa bai bar matafiyi cikin ƙunci ba, domin a ƙasar Sin akwai Musulmi fiye da miliyan 20. Ƙabilar Hui kaɗai ta haura miliyan 11, kuma sun shahara da dafa taliyar da ake ja da hannu a zuba mata romon naman sa, irin ta birnin Lanzhou. Da wuya ka shiga babban gari ba ka sami shagonsu ba. Alamarsu kalma ce da suke furtawa kamar "cing-jan", ma'anarta tsarki da gaskiya, ita ce halal a wurinsu. A Guangzhou, unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi sauka an san ta da irin waɗannan shaguna. In ka shiga wurin Musulmi, ka yi Bisimilla ka ci, kada ka tsananta bincike, gama Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi ya ba da irin wannan amsa game da naman da sababbin shiga Musulunci ke kawowa. Su Hanafiyya ne, za ka ga 'yan bambance-bambance a sallarsu, wannan ba abin tashin hankali ba ne.

A nan ya wajaba in gyara abu biyu da suka yawaita a bakin mutane. Maganar da ake jingina wa Annabi ta neman ilmi ko da a ƙasar Sin ne, malaman hadisi ba su inganta ta ba. Ibnu Hibban ya ce ba ta da tushe, Ibnul Jauzi ya sa ta cikin ƙagaggun hadisai. Haka kuma kabarin da ake nuna wa baƙi a Guangzhou da sunan Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne Sa'adu ya rasu a Aƙiƙ aka rufe shi a Madina. Daɗewar Musulunci a Sin ba ta bukatar a tallafa mata da raunanan labarai. Masallacin Huaisheng yana nan da tsohuwar hasumiyarsa, kuma Ibnu Baɗuɗa ya ba da labarin cewa a ƙarni na 14 ya tarar da Musulmi da unguwanninsu da alƙalansu a biranen ƙasar.

Sai batun al'adu. Babban bikinsu shi ne na sabuwar shekara, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da watan Fabrairu. Kowa yakan koma gida wurin iyaye, a share ɗaki, a ci abinci tare, a ba yara kuɗi cikin jar ambulan, a yi rawar zaki da kiɗan ganga. Ma'aunin dai ɗaya ne. Abin da yake zumunci da kyautatawa, Suratul Mumtahana, aya ta 8, ta ba mu izinin kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. In maƙwabcinka Basine ya aiko maka da lemo, karɓi ka gode, in Sallah ta zo ka aika masa da naman layya. Abin da yake bauta kuwa, kamar ƙona turare da sunkuyawa gaban allon kakanni ko gunki, nan Musulmi zai ja da baya cikin ladabi, ba tare da izgili ba, domin Suratul An'am, aya ta 108, ta hana zagin abin bautar wasu. Akwai ma abin koyi a wurinsu: malaminsu Kwamfushiyas, wanda aka haifa shekara 551 kafin Annabi Isa, ya gina tarbiyyarsu a kan biyayya ga iyaye, har yau a teburinsu ana jira babba ya fara ɗiba, ƙarami shi ke zuba wa manya shayi. Wannan ai shi ne abin da muke koya wa yara a makarantar allo, muna kuma kukan ya fara ɓacewa.

Wani zai ce, malam, kana maganar ladabin ci, ka manta da ɓarnar da ke tsakani. Ban manta ba. Masaƙun Kano da Kaduna sun durƙushe, atamfar Sin mai araha tana cikin dalilai, marina da masaƙa sun rasa abin yi. A Zamfara, bayan gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a 2019, an kama wasu Sinawa a 2020 bisa zargin haƙar zinariya a ƙasar Bukkuyum, a lokacin da jinin talakawa ke zuba. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an kori 'yan Afirka daga masaukansu a Guangzhou. A 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto mai nauyi a kan abin da ake yi wa Musulmin Uigur. Duk wannan a faɗe shi, a nemi haƙƙi ta hanyar hukuma, mai laifi ya ɗauki laifinsa. Sai dai Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Mai dafa taliya ba shi ya rufe masaƙa ba. Mu ma mun ɗanɗani zafin a yi wa ƙabila guda kuɗin goro saboda laifin wasu 'yan tsiraru, mutanen ƙasar Maradun ba sa bukatar a ba su labarin inda wannan ke kai al'umma. Kuma a tambaya, wa ke nuna wa baƙo ramin zinariya, wa ke sa masa hannu a takarda? Ɓarawon gida shi ke buɗe wa na waje ƙofa.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai shirin tafiya, ka sa a rubuta maka a takarda da harshensu cewa kai Musulmi ne, ba ka cin alade ko kitsensa, ba ka son giya a dafuwa. Ka nemi shagon Musulmi tukuna, in babu ka tsaya ga kifi da ƙwai da ganye bayan ka tambayi man da aka yi amfani da shi. Ka gaya wa mai gayyatarka tun kafin ranar, kada ka bari ya yi ɗawainiya sa'an nan ka kunyata shi a gaban mutanensa. In ya ba ka tsinkayen nan biyu da suke ci da su, riƙe da hannun dama, in sun gagare ka nemi cokali. Mai yiwuwa kai ne Musulmi na farko da ya taɓa zama da shi, kuma abin da ya gani gare ka shi zai kira Musulunci. Allah Ya gaya mana a Suratul Hujurati, aya ta 13, cewa Ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu ne domin mu san juna, kuma fifiko a wurinSa na mai taƙawa ne.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga haram, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya komo da su lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.