Shawarar Mutanen Unguwa a Kan Kuɗin Raya Sana'o'i: Haƙƙi Ce Ko Alfarma?

Duk hukumar birni ko ƙaramar hukuma da ta ware kuɗi domin raya tattalin arziki, kamar gina rumfunan kasuwa ko koyar da sana'a ko ba ƙananan 'yan kasuwa jari, sai ta fuskanci tambayar wa zai ce ga inda kuɗin za su tafi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce shugaba da kansiloli, tunda su aka zaɓa, tare da ma'aikatan da suka san lissafi. Amma akwai masu ganin cewa mutanen unguwar da za a yi wa aikin suna da haƙƙin a ji ta bakinsu tun kafin a rattaba hannu, ba sai ranar da aka jera kekunan ɗinki a rana ana ɗaukar hoto ba. Wannan saɓani ya taɓo tambayoyi biyu da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna juyawa: dukiyar jama'a ta wace ce, kuma wa ya fi sanin abin da zai amfani mutum?

A fiƙihun Musulunci tambaya ta farko ba ta da wuyar amsa. Dukiyar baitulmali ba ta shugaba ba ce, amana ce a hannunsa, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa duk abin da zai yi da al'amarin talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu. Wanda aka ba ajiya kuwa ba ya jin nauyin tambayar mai kaya. Ta wannan fuska, neman shawarar unguwa ba kyautatawa ba ce da shugaba zai yi in ya ga dama.

Tambaya ta biyu ce ta fi jan magana. Aflatun ya tafi a kan cewa mulki gwaninta ce kamar tuƙin jirgin ruwa, don haka a bar wa wanda ya iya. Ɗalibinsa Aristotal ya kawo wata hujja: mai zama a gida ya fi maginin da ya gina shi sanin kyansa da aibinsa. Bahaushe ma ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A hadisin barbarar dabino da Imamu Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya bar wa manoman Madina abin da suka fi sani na sana'arsu. Irin wannan sani ba ya cikin fayil. Jami'in da ke ofis zai iya rubuta cewa a raba injinan markaɗe ashirin a unguwa kaza, lissafinsa kuma ya tafi daidai. Matan unguwar ne suka san cewa akwai injina huɗu a layi ɗaya suna rabon ciniki, cewa ba a kawo wuta sai tsakar dare, kuma abin da ke karya masu ƙosai da awara shi ne tsadar mai da rashin jarin sayen wake da kaka. Kafin wata uku a ga injinan a kasuwa an karyar da su.

Shura tana da asali a Alƙur'ani: akwai sura sukutum mai wannan suna, wadda aya ta 38 a cikinta ta lissafa shawara cikin siffofin muminai, sannan aya ta 159 a Ali Imrana ta umarci Annabi da kansa ya shawarci sahabbansa. Misalin da ya fi dacewa da batun dukiya ya faru ne a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira. Da ƙawanya ta tsananta, Annabi ya yi tunanin ba ƙabilar Gaɗafan sulusin dabinon Madina don su janye. Kafin a ƙulla, ya kira Sa'adu bn Mu'azu da Sa'adu bn Ubada, shugabannin Ausu da Khazraju, waɗanda gonakin na mutanensu ne. Suka tambaya ko wahayi ne ko ra'ayi. Da suka ji ra'ayi ne suka ƙi, shi kuma ya bar maganar. Abin lura a nan shi ne waɗanda aka kira: masu dabinon da za a bayar.

Malamai sun yi saɓani a kan ko shawarar tana lazimtar shugaba ko kuwa tana haska masa hanya ne kawai. Masu ra'ayi na farko suna kafa hujja da Uhudu, inda Annabi ya so a tsaya cikin gari amma ya bi masu rinjaye aka fita. Masu na biyu suna nuna cewa ayar Ali Imrana ta bar azama ta ƙarshe a hannun shugaba. Misali, Sayyidina Umar ya ƙi raba ƙasar noma ta Iraƙi ga mayaƙa duk da matsin wasu manyan sahabbai irin su Bilal, domin yana duba waɗanda za su zo baya. Sai dai bai yi haka da ƙarfin kujera ba, ya zauna da su ya kawo hujja har aka gamsu. A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sanya shawara cikin ginshiƙai biyar na mulki a littafinsa Kitabul Farƙ.

Gwajin zamani na shawarar unguwa da ya fi shahara an yi shi ne a birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil, daga 1989, zamanin magajin gari Olivio Dutra. An kasa birnin shiyya 16. Kowace shiyya tana taro, mutane su jera buƙatunsu bisa muhimmanci, su zaɓi wakilan da za su zauna da jami'an hukuma a tsara kasafin ayyuka. Wajen rabo ana duba yawan jama'a da kuma irin rashin da shiyya ke fama da shi, don kada masu baki su kwashe komai. Tsarin ya bazu: wata mazaɓa a Chicago ta ɗauka a 2009, New York a 2011, Paris a 2014. A Porto Alegre ɗin kuwa an dakatar da tarukan a 2017, bayan shekaru ana tara alkawuran da ba a cika ba. Mutane ba sa gajiya da taro sai sun ga abin da suka faɗa bai canza komai ba.

Tun a 1969 wata Ba'amurkiya mai suna Sherry Arnstein ta kasa shigar jama'a cikin irin waɗannan shirye-shirye zuwa matakai takwas, ta kuma sa sauraron ra'ayi kawai a cikin matakan jeka-na-yi-ka. Kamanninsa sananne ne. A kafa rumfa da kujerun roba, manya su zauna a gaba, a karanta jawabi, a ba mutum uku lasifika, a raba lemo, a rubuta sunaye a matsayin shaida cewa an tuntuɓi al'umma, alhali an riga an ba da kwangila tun makon jiya. Wannan ya fi rashin shawara muni, domin ya haɗa da yaudara.

Masu suka ma suna da gaskiyarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Unguwa ba baki ɗaya take magana ba. Wanda ke zuwa taron ƙarfe goma na safe shi ne mai sarari. Ɗan dako yana kasuwa, mai adaidaita sahu yana neman kuɗin balas, matar da ke dambu da ɗinkin hula a cikin gida ba ta fita, alhali ita ce ta fi buƙatar jarin. Sai a wayi gari ra'ayin mai unguwa da 'yan jam'iyya da shugabannin ƙungiyoyi ya zama shi ne ra'ayin jama'a. Kuɗin raya sana'a kuma sun fi na hanya ko kwalbati haɗari, domin hanya kowa zai bi, jari kuwa aljihun mutum ɗaya yake shiga, kuma wanda ya zaɓi ɗan'uwansa zai ce ai shi ya sani. Ga kuma son kai na unguwa: kowa na son kasuwa kusa da shi, ba wanda ke son kwata ko majema a bayan gidansa, kuma birni ba ya rayuwa sai da su.

Waɗannan matsaloli suna nuna iyakar shawarar unguwa ne, ba su rushe ta ba. Abin da unguwa ta fi sani shi ne buƙata da jerinta, don haka a nan maganarta ta cancanci ta lazimci hukuma. Ƙiyasin kuɗi da ingancin aiki na ƙwararru ne. Adalci tsakanin unguwanni da haƙƙin waɗanda ba su halarta ba yana wuyan shugaba, shi ya sa dole ya aika a ji ta bakin mata a gidajensu da 'yan kasuwa a rumfunansu, kuma zaɓen masu cin gajiya ya bi sharuɗɗan da aka sanar tun farko. Yana da ikon ƙin abin da unguwa ta zaɓa, kamar yadda Umar ya ƙi, amma da sharaɗin ya faɗi dalilinsa a bainar jama'a, inda za a iya mayar masa da martani.

A Nijeriya batun ya ƙara nauyi tun 11 ga Yulin 2024, ranar da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Hukuncin ya fi mayar da hankali ne a kan hanyar da kuɗi za su bi su isa sakatariya. Bai wajabta wa shugaban ƙaramar hukuma ya zauna da mutanen kowace mazaɓa kafin ya tsara kasafinsa ba, kuma wannan gurbi majalisun dokoki na jihohi ne ke da hurumin cike shi.