SANA'AR HANNU KO KARATUN LAKWAL: NASIHA GA MASU KUKAN AIKI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya rarraba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa, Ya sanya kowa yana da bukatar ɗan'uwansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata hira wadda ba ta yankewa a garuruwanmu. Ana yin ta a fada wurin shan shayi, ana yin ta a tasha, ana yin ta har a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar. Hirar ita ce kukan aiki. Ma'aikacin gwamnati yana cewa albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Malamin lakwal ɗan kwantiragi yana kukan an jefa shi ƙauye an manta da shi. Saurayin da ya gama jami'a yana yawo da takardunsa daga wannan biro zuwa wancan, shekara tana bin shekara. A ɗaya gefen kuma makaniki yana kukan masu motoci sun cinye masa kuɗin gyara, tela yana kukan ana kawo masa ɗinki a jajibirin salla sannan a bi shi da zagi, magini yana kukan rana da ciwon baya. Kowa yana hangen na wani ya fi nasa. A ƙarshe sai wani uba ya jefo tambayar da ta fi damun kowa: yaron nan nawa, in bar shi ya ci gaba da lakwal, ko in kai shi garaji ya koyi sana'a?

Wannan tambaya ta cancanci amsa daga addini, domin makomar ƴaƴanmu da halaccin abincinmu suna rataye da ita.

YADDA MUKA ZO NAN

Dattawanmu sun san lokacin da takardar lakwal take daidai da aiki. Bayan samun mulkin kai a 1960, ƙasa tana neman ma'aikata ido rufe, duk wanda ya yi karatu mai ɗan zurfi yana da kujera tana jiran sa. A cikin shekarun 1980 kuɗin yuraniyom suka ja baya, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kuma a cikin waɗannan shekaru ma'aikata suka riƙa yin watanni ba su ga albashi ba. Daga baya makarantu suka ƙaru. Bayan jami'ar Yamai, da jami'ar Musulunci ta Sayi wadda aka buɗe a 1986, an kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010. Wannan alheri ne babba. Amma masu fitowa da takardu sun fi kujerun gwamnati yawa nesa ba kusa ba.

Daga nan mutane suka rabu gida biyu. Wasu suka ce karatu ɓata lokaci ne, suka janye ƴaƴansu tun ba su iya haɗa baƙi ba. Wasu kuma suka kafe a kan cewa wanda ya riƙe alƙalami ba zai riƙe guduma ba, gara ya zauna gindin bishiya har aikin biro ya zo. Dukkan ɓangarorin biyu sun kauce wa koyarwar addininmu.

HUKUNCIN SANA'A DA ILIMI

Malamai sun kasa wajibai kashi biyu. Akwai farali ainin, wanda yake kan kowane baligi da kansa, kamar sanin tauhidi da tsarki da salla, da sanin hukuncin abin da mutum yake ci da shi. Akwai kuma farali kifaya, wanda idan wasu sun tsaya da shi ya sauka daga kan saura, idan kuma kowa ya bari to jama'a duka ta yi laifi. Imam Gazali, Allah Ya yi masa rahama, a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa likitanci da lissafi a cikin farali kifaya, kuma ya haɗa da su noma da saƙa da ɗinki, har da yin ƙaho. Ke nan garin da ba shi da likita yana cikin laifi, garin da ba shi da magini ko maƙeri shi ma yana cikin laifi. Wanda yake karatun aikin jinya a Damagaram da wanda yake koyon walda a Maraɗi, kowannensu yana sauke wa al'umma wani nauyi, muddin ya kyautata niyya.

Mu dubi Annabawa, amincin Allah ya tabbata a gare su. Annabi Nuhu da hannunsa ya sassaƙa jirgi. Annabi Dawuda, yana Annabi yana sarki, Allah Ya tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke, kuma ya tabbata a cikin Buhari cewa daga aikin hannunsa yake ci. Ya zo a cikin Muslim cewa Annabi Zakariyya kafinta ne. Annabi Musa ya yi aikin ƙodago a Madyana na shekaru, kamar yadda Suratul Ƙasasi ta ba da labari. Shugabanmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan ɗan lada kaɗan, sannan ya yi fatauci zuwa Sham.

Ta wajen alƙalami kuwa, Annabi Yusufu da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, domin ya san yana da amana da sanin aikin, kuma ta dalilinsa Allah Ya tsirar da jama'a daga yunwar shekara bakwai. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, an fanshi wasu fursunoni da koya wa yaran Madina rubutu. Manzon Allah ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙu. To wa zai ce koyon harshen wasu ko lissafi ko aikin mulki ba na Musulmi ba ne?

Magabatanmu na kusa ma haka suka fahimta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin wannan ƙasa tamu a 1754, an ruwaito cewa yana tufka igiya domin ya ci daga guminsa, alhali shi ne malamin malamai. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen neman abinci, yana kwaɗaitar da mutane ga sana'a, yana zargin zaman banza. A wurinsu allo da fartanya ba kishiyoyi ba ne.

CUTAR RAINA SANA'A

Ya ƴan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Abin da yake hana samari da yawa kama sana'a ba wahalarta ba ce, bakinmu ne. Mu ne muke tashi tsaye idan mai riga fes ya shigo, ko da ba mu san inda ya samo kuɗinsa ba, mu ƙyale mai baƙin mai a hannu wanda kowace dala tasa halal ce. Mu ne idan mahauci ko wanzami ya zo neman auren ƴarmu muke tambayar asali kafin mu tambayi salla. Alhali a mazhabarmu ta Malikiyya, abin da ake dubawa a daidaiton aure shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da suke sa a raba aure. Abu Hindu, Allah Ya yarda da shi, ƙaho yake yi, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah ya umarci ƙabilar Banu Bayada su ba shi aure su kuma nemi aure a gidansa. Habbabu ɗan Aratti maƙeri ne, yana cikin farkon masu musulunta. Uwar Muminai Zainabu ƴar Jahshi tana jima da dukanci da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu.

Kuma da me aka san ƙasarmu in ba da aikin hannu ba? Fatar jar akuyar Maraɗi, albasar Galmi, kilishin Madawa, tukwanen Mirya, aikin dukawan Damagaram, duk gumin mutanen da muke rainawa ne. Wanda ya raina mai sana'a saboda sana'arsa ta halal, to ya binciki zuciyarsa, domin raina mutane yana cikin ma'anar girman kai, kuma mun san makomar mai girman kai.

KUKAN DA YA HALATTA DA WANDA BAI HALATTA BA

Ba kowane kukan aiki ne laifi ba. Allah Maɗaukakin Sarki, a cikin Suratun Nisa'i, Ya yi wa wanda aka zalunta izinin ya bayyana zaluncin da aka yi masa. Lebura da aka hana ladansa, ma'aikacin da aka riƙe albashinsa, yaron shago da ake bugu kamar jaki, duk suna da damar su kai ƙara inda za a share musu hawaye, kuma wajibi ne a saurare su. Ya tabbata a cikin Buhari cewa mutum uku Allah da kanSa zai zama abokin shari'arsu ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya yi masa aiki cikakke, ya hana shi lada. Wanda Allah ne abokin shari'arsa, wa zai tsaya masa?

Amma akwai kukan da yake cinye lada. Shi ne wanda ya koma fushi da rabon Allah, ko hassadar abin hannun wani, ko cin naman maigida da abokan aiki a majalisa ba don neman gyara ba. Mafi muni shi ne kukan da ake mayarwa hujjar ha'inci. Ma'aikaci ya ce albashi ba ya isa, saboda haka sai an ba shi na goro kafin ya sa hannu a takardar talaka. Malami ya ce an manta da shi, sai ya bar yara suna wasa a aji ya tafi harkar gabansa. Makaniki ya karɓi kuɗin sabon ƙarfe ya sa tsoho. Magini ya rage siminti, damina ta zo gini ya faɗa wa mutane. Zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka ka zalunci wanda bai ci maka ba bai sha maka ba.

Shari'a ba ta bar wannan fage haka nan ba. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an sharɗanta wa ijara a ambaci lada a kuma yanke lokaci. Da za mu tsaya mu yi ciniki a fili tun kafin a fara aiki, mu bar cewa "yi kawai, ba za mu ɓata ba", da rabin rigingimunmu sun ƙare. A cikinta kuma an bayyana cewa mai sana'a yana lamunin kayan da ya karɓa ya tafi da su wurin aikinsa. Telan da ya ɓatar da shaddar mutane, ko mai gyaran salula da ya salwantar da ita, biya ya hau kansa. Sanin waɗannan hukunce-hukunce farali ainin ne a kan duk mai wannan sana'a.

NASIHA

Na farko, ga iyaye. Kada a cire yaro daga karatu tun bai san addininsa ba, bai iya karatu da rubutu da lissafi ba. Ko makanikin yau yana bukatar karanta lambobi da takardun injin, ɗan kasuwa yana bukatar rubuta bashi. Bayan haka a dubi baiwar da Allah Ya yi wa yaro. Wanda kansa yake ja, a tsaya masa har ya kai inda zai kai, namiji ne ko mace, domin muna bukatar likitoci mata da malamai mata. Wanda hannunsa ya fi kaifi, a kai shi makarantar koyon sana'a ko wurin maigida mai tsoron Allah, kada a mayar da wannan horo ko abin gori. Kuma ɗan lakwal ma, me zai hana ya koyi sana'a a lokacin hutu?

Na biyu, ga samarin da suka gama karatu. Iliminku bai faɗi ƙasa banza ba, ko da ba ku sami biro ba. Abdurrahman ɗan Aufi ya isa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa Ba'ansare ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, kuma Allah Ya buɗa masa. Ku ci gaba da neman aikin da kuka karanta, amma kada ku jira shi a zaune. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na uku, ga masu gidan sana'a. Yaran da suke hannunku amana ne. Ku koya musu aikin tsakani da Allah, kada ku ɓoye musu sirrinsa don tsoron su fi ku, ku sake su idan lokacin salla ya yi, ku sallame su da alheri idan sun ƙware.

Na huɗu, ga mawadata. Maimakon ku riƙa ba saurayi ƴan canji kullum, ku saya masa keken ɗinki ko kayan aiki, ko ku ba shi jari. Wannan sadaka ce wadda take haihuwa.

Ranar alƙiyama ba za a tambaye mu takardar difloma ba, ba kuma za a tambaye mu sunan sana'a ba. Za a tambayi kowa dukiyarsa, ina ya samo ta, ina ya kashe ta, a tambaye shi iliminsa, me ya aikata da shi. Wanda ya tanadi amsar waɗannan, ko a biro yake ko a maƙera, ya rabauta.

Ya Allah Ka wadata mu da halal ɗinKa, Ka tsare mu daga haram. Ka sanya albarka a guminmu da karatun ƴaƴanmu. Ka buɗa wa marasa aiki ƙofofin alheri, Ka biya wa masu bashi bashinsu, Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.