Tunatarwa daga Kangon Sawakin

Sawakin ƙaramin gari ne a bakin Bahar Maliya, gabashin Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan. Tsohon garin yana kan wani ɗan tsibiri, kuma ɗaruruwan shekaru shi ne ƙofar fataucin wannan gaɓa. Ibn Battuta ya ratsa shi a ƙarni na 14. Turkawan Daular Usmaniyya sun mallake shi a ƙarni na 16. Hauren giwa, ƙaro da zinariya, da bayin Allah da aka kamo aka sayar, duk ta nan suka fita.

Attajiransa sun gina benaye masu hawa biyu da uku, da dutsen murjani da ake sarowa daga teku, suka sa musu tagogin katako masu sassaƙa, inda matan gida ke leƙen titi ba a gan su ba. Sai dai wannan dutse yana da lalura. Sakayau yake, cike da ƙananan ramuka, in ba a riƙa sabunta masa yaɓen farar ƙasa ba, iskar gishiri ta shige shi, ya rube ta ciki, wata rana bango ya zube gaba ɗaya.

Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadin Sudan, ya yi shekaru yana kai wa garin hari tun daga 1883, bai ci shi ba. Ƙofar garin da Kitchener, hafsan sojan Ingila, ya gina a 1886 tana nan. Abin da yaƙi ya kasa, shawarar ofis ce ta yi shi. Turawan Ingila suka ga mashigar jiragen ta yi wa manyan jiragen ruwa ƙunci, suka gina sabuwar tasha a Port Sudan, aka buɗe ta a 1909. 'Yan kasuwa suka bi dukiyarsu. Ba mai yaɓe, ba mai gyara. Yaron da aka raɗa wa suna a ɗayan benayen nan yana iya tsufa ya ga ɗakin da aka haife shi ya zama tsibin duwatsu. Shekarun mutum ɗaya kacal, jama'a.

Mu ma muna da rabo a wannan gari. Kafin jirgin sama, alhazanmu a ƙasa suke tafiya, ta Borno, Wadai da Darfur, suna yada zango su yi noma ko ƙodago su sami guzuri, wasu shekaru suke yi a hanya kafin su iso Sawakin su tsallaka Jidda. Kafin tashi sai mutum ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya zaga dangi yana neman gafara, don ya san ba lallai ya dawo ba. Da yawa kuwa ba su dawo ba. Wasu sun kwanta dama a hanya, wasu sun zauna a Sudan, jikokinsu na can har yau. A ganina waɗannan matafiya, da ƙunshin kayansu a ka, sun fi masu benen fahimtar inda suke.

Har yanzu jiragen ruwa na tashi daga Sawakin zuwa Jidda. Turkiyya ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i, amma yawancin tsibirin kango ne. Gini ana iya tayar da shi. Wanda ya gina shi fa?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, abin da alhazan ƙafa ke yi kafin su bar gida ya fi kamata da mu, domin su sun san ranar tashinsu, mu ba mu san tamu ba. In akwai haƙƙin wani a kanka, ka sauke shi yau. In kina gaba da 'yar'uwarki, ki je ki same ta kafin dare. Wanda kuma ke da kakan da ya tafi hajjin ƙafa bai dawo ba, ya sa shi a addu'a. Allah ya jiƙansu, ya sa mu cika da imani.