Tun daga Laraba?

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu binciken koyon karatu sun zo da magana mai kama da wannan. A 1988 wata Ba'amurkiya, Connie Juel, ta fitar da abin da ta gano bayan ta bi sawun yara 54 daga aji ɗaya zuwa aji huɗu: cikin goma da suka ƙare aji ɗaya karatu na ba su wuya, kusan tara haka suka kai ƙarshen aji huɗu. Shekara biyu kafin nan, Keith Stanovich ya riga ya faɗi dalili. Yaron da ya gane haruffa da wuri yakan ji daɗin karatu, ya ƙara karantawa, kalmominsa su yawaita. Wanda ya makara kuwa sai ya tsani littafi, tazarar ta yi ta faɗi.

To, in haka ne, alhakin wa ya rataya a wuyan wa? Mu ɗauki ɗan shekara shida ko bakwai a Lazaret, unguwar nan ta Yamai da ta karɓi dubban mutanen da fari ya koro a 1973 da 1974, wadda yau Hausa da Zabarmanci ke cuɗanya a titunanta. Ana kai shi lakol, ya zauna a aji na farko, mushe ya buɗe baki da Faransanci. In shekara ta zagayo bai iya haɗa baƙi ba, sai a ce kansa da ƙarfi, ko a ce gidansu ba a san darajar ilimi ba.

Wannan hukunci, a ganina, zalunci ne, domin yaron bai zo hannu rabbana ba. Abubuwan da masana ke cewa su ne tushen karatu kaɗan ne: yalwar kalmomi, kunnen da ke rarrabe sautuka cikin kalma, iya bin labari daga farko zuwa ƙarshe, da sanin cewa zane a kan allo yana tsaye ne a madadin sauti. Tatsuniyar kaka ta koya masa bin labari. Kacici-kacici da karin harshe sun wasa masa kunne. Makarantar allo kuma, wadda wasu ƴan boko ke yi wa kallon hadarin kaji, ta ɗora shi kan babbaƙu sannan farfaru, wato baƙi da wasali, tun kafin ya ga alli. Matsalarsa ita ce dukiyarsa tana cikin kuɗin da kasuwar lakol ba ta karɓa. An nemi ya koyi abu biyu a zama ɗaya, sabon rubutu da sabon harshe, har da juya ido daga dama zuwa hagu ya koma hagu zuwa dama. Ɗan ma'aikacin da ke jin Faransanci a gida abu ɗaya kawai zai koya. A gwajin PASEC na 2014, ɗaliban Nijar da ke ƙare firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba waɗanda suka cimma mizanin karatu. Babu mai hankalin da zai ce sauran tara duk daƙiƙai ne.

Ba yau aka gane haka ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, kundin 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Amma uban da ya ƙi makarantar gwaji yana da hujjarsa: ya ga takardar neman aiki da Faransanci ake cika ta, ya kuma lura da makarantar da manyan gari ke kai nasu ƴaƴan. Sa'an nan a Lazaret akwai wani ƙulli da Damagaram ba ta san shi sosai ba. In aka mai da aji na farko Hausa zalla, yarinyar da ta tashi da Zabarmanci, wadda ke zaune benci ɗaya da yaronmu, ita ce za a ce kanta da ƙarfi.