Tsohon inji, da wanda zai ce a'a

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ga zuma maganar ta zauna daidai, domin zuma ba ta tsatsa, ba ta gajiya, kuma babu mai hawanta ya bar ƙasa. Ga ƙarfe kuwa sai an yi wa karin maganar tambayoyi. Akwai tsohon ƙarfen da ya fi sabo aminci, akwai kuma wanda kabari ne da aka shafa wa fenti, ido kuma ba ya rarrabe su daga nesa. To, idan tsohon inji zai ɗauki ran ɗan Adam, wane ne ya cancanci ya yanke cewa yau za a tashi, ko yau ba za a tashi ba? Masu riƙon tsofaffin jiragen sama sun daɗe suna fama da wannan tambaya, kuma sun biya kuɗin amsarta da rayuka. Saboda haka daga wajensu za a faro, kafin a sauko ƙasar Arewa.

Injin da ake magana a kai shi ne wanda Faransawa ke kira mai siffar tauraro. Silindojinsa a da'ira suke, kewaye da gindin farfela, kamar ƴan gida sun zagaye akushi, iska ce kuma ke sanyaya su. Nijar ta san rurinsa. Da aka kafa rundunar jiragen samanta a shekarar 1961, da irin waɗannan ta fara: Dakota mai inji biyu, da ƙaramin Broussard mai sauka a kowane fili, daga baya kuma Noratlas. Kamfanin Air Niger ma da DC-3 ya riƙa haɗa Yamai da manyan garuruwan ƙasar. Duk sun wuce. Amma a Turai da Amurka akwai waɗanda suka ƙi barin irin wannan inji ya yi shiru. Suna tayar da T-6, jirgin koyon tuƙi na Amurka da aka ƙera fiye da 15,000 daga cikinsa, mai silinda 9 da ƙarfin doki 600. Suna tayar da Stearman mai fukafukai hawa biyu. Suna wasan juyi a sama da Yak-52 na Tarayyar Sobiyet, wanda ya fara tashi a 1976, aka riƙa ƙera shi a Romaniya, mai ƙarfin doki 360, wanda da matsattsiyar iska ake tayar da injinsa. A La Ferté-Alais, kudu da Paris, jama'a kan taru don kallonsu. Kyansu bai wanke tarihinsu ba: T-6 ɗin da ake yi wa tafi, da irinsa sojan Faransa suka yi ta ruwan wuta a kan ƙauyukan Aljeriya a yaƙin 1954 zuwa 1962. Wannan wata shari'a ce dabam.

Abin da ya fi ba da darasi a wannan inji shi ne cutar da ke kama shi yana kwance. Tun da silindojin a da'ira suke, dole wasu su kasance a ƙasa, kai a sunkuye. Idan jirgi ya kwana, baƙin mai kan tsiyaya sannu a hankali ya taru a cikinsu. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Wanda ya tayar da injin haka nan, fistan zai bugi man kamar ya bugi dutse, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Mugun abin shi ne ba lallai ta karye nan take ba. Injin na iya tashi lafiya, ya yi ƙara mai daɗi, ya yi kwanaki yana aiki, sai wata rana can tsakanin sama da ƙasa sandar ta ce ta gaji. Maganin ba shi da tsada: a kashe wuta, a kama farfela da hannu, a juya ta a hankali zagaye bayan zagaye, ana saurare da tafin hannu. In ta cije, ba a tilasta mata, ba a kuma mayar da ita baya, don hakan tura man yake cikin bututu ya ɓuya ya dawo daga baya. Sai a kwance bujin ƙasa, a bar man ya zube. Aikin ƴan mintoci ne, babu mai gani, babu mai yabo, kuma sau da yawa ana yinsa ba a samu kome ba. A nan jarrabawar take. Mutum ya yi abu sau ɗari bai ga amfaninsa ba, me zai hana shi tsallake na ɗari da ɗaya ranar da yake sauri?

Masu jiragen ba su dogara ga kyan halin mutum kaɗai ba. Kowace silinda buji biyu gare ta, kowane da nasa maganeton da ke ba shi wuta, kuma kafin tashi sai an gwada kowane shi kaɗai. Ana buɗe matatar mai a nemi ɓurɓushin ƙarfe, domin inji mai cin kansa a nan yake fara tona asirinsa. Ana ƙirga sa'o'in aikinsa, in sun cika a sauke shi a wargaza, ko da lafiyarsa lau ake ji. Sama da duka akwai littafi. Duk abin da aka taɓa sai an rubuta, wanda ya taɓa ya sa hannu, da sunansa da kwanan wata. Sa hannun shaida ce: wani mutum, wanda ba shi ne mai ɗokin tashi ba, ya ɗauki alhakin cewa ƙarfen nan zai riƙe.

Abin da ke faruwa in aka haɗa mai ɗoki da mai shaida a jiki ɗaya ya bayyana ran 2 ga Oktoba 2019, a jihar Connecticut ta Amurka. Wani B-17, jirgin yaƙin duniya na biyu mai inji huɗu irin na tauraro, ya tashi da fasinjojin da suka biya kuɗi don sha'awa. Inji ɗaya ya ɓaci, matuƙin ya juyo, bai kai inda ya nufa ba. Cikin mutum 13, bakwai suka rasu. Masu bincike sun tarar da buji da suka lalace, da maganeto marasa lafiya, har da wayar maganeto da aka ɗaure da siririn zaren ƙarfe. Matuƙin ba ɗan koyo ba ne, ya yi dubban sa'o'i a kan irin wannan jirgi, da wuya a samu wanda ya fi shi saninsa. Sai dai shi ne kuma shugaban masu gyara. Babu wanda zai ce masa a'a sai shi kansa. Shekara guda kafin nan, a watan Agusta 2018, wani Ju 52 ƙirar 1939 ya faɗi a duwatsun Suwizalan da mutum 20. A can ma ƙwararru ne a kan kujera, kuma binciken ya nuna sun shiga ƙunƙuntaccen kwari ƙasa-ƙasa, ba su bar wa kansu wurin juyawa ba, irin kasadar da aka saba yi ana tsira.

Mai karatu a Dogon Dutsi ko Tibiri zai ce ina ruwan biri da gada. Ruwansu ɗaya ne. Kwaltar da ta taso daga Doso ta ratsa Kore Mairuwa da Dutsi ta nufi Ƙonni tana ɗauke da manyan motocin safa na kamfanoni, amma da an sauka daga kanta aka shiga rairayin Dallol Mawri, aka nufi kasuwannin ƙauye wajen Matankari, ko Bagaji, ko Gesheme, tsofaffin ƙarafa ne ke da mulki. Akwai Land Rover da Peugeot da Toyota waɗanda suka girmi direbobinsu, a ƙasa buhunan hatsi da wake, a tsakiya awaki, a bisa mutane. Masu gyaransu gwanaye ne na gaske. Wanda ke iya sassaƙa abin da babu shi a kanti, ya gane ciwon inji da kunne, ba ya ƙasa da mai gyaran T-6 a hikima. Bambancin yana wani wuri. Bature mai tsohon jirgi zaɓi ya yi, in ya fasa tashi abin da ya rasa nishaɗin yini ne. Matar da ta ɗauko wakenta za ta kasuwa ba ta zaɓi motar ba, ita ce kaɗai ta zo. Nauyin amana ya fi yawa a nan, abin sauke shi kuma ya fi ƙaranci. Kuma sau da yawa mai motar shi ne direba, shi ne rabin makaniki, shi ne wanda iyalinsa ke jiran kuɗin lodin yau. Matsayin matuƙin Connecticut ke nan, an ƙara masa yunwa.

Za a ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka ne, ya sani. Amma ba rashin sani ne ya kashe mutanen jiragen nan biyu ba. Sani in ya zauna kusa da bukata yakan koyi lallashi. Birkin da ya yi wata uku yana laushi ba a yi haɗari ba, a idon mai shi ya daina zama cuta, ya zama hali: "haka take, na san ta." Kowace tafiyar da aka dawo lafiya sai ta zama hujjar ta gaba, alhali ƙarfen ƙara ci yake yi.

Za a kuma ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Babu musulmin da zai musa. Sai dai malaman da suka koyar da ƙaddara su ne suka koyar da cewa a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali, kuma shari'ar da ta san ajali a hannun Allah yake ita ce ta ɗora diyya a kan kisan kuskure. Da ƙaddara tana share sakaci, da ba a sa diyya ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta talauci, kuma ba ta kauduwa da karin magana. In aka tsayar da duk motar da ke da aibi a Arewa, kasuwanni za su mutu, mai naƙudar da ta gagara za ta tafi asibitin Dutsi a amalanken jaki, ta yiwu ba ta kai ba. Ƙin tafiya ma yana kisa, sai dai ba ya barin tarkace a bakin hanya don a gani. Wanda ya ce a yi wa motar ƙauye dokar jirgin sama bai san ƙauye ba. Amma abin mamaki, masu jiragen kansu ba su neman kamala. Injin tauraro kullum yana ɗigar da mai, yana tashi da hayaƙi kamar an kunna ɗanyen itace, har suna raha cewa in ya daina ɗiga to man ne ya ƙare. Abin da suka yi shi ne raba aibi gida biyu tun kafin ranar sauri ta zo: wanda ake tafiya da shi, da wanda ba a tattauna shi. Wannan rabon ba ya bukatar arziki. Ƙofar da aka ɗaure da igiya, da motar da sai an tura, da tagar da babu gilashi, wahala ce kawai. Birki, da sandar sitiyari, da tayar gaba da zarenta ya fito, waɗannan rai ne. Kowane direba ya san wannan rabo in aka tambaye shi da dare yana hutawa. Da safe, lodi ya cika, shi ne lokacin da yake bukatar wani bakin.

Hausawa ba baƙin wannan tunani ba ne. Tun kafin zuwan likitan dabbobi ba a bar mahauci ya zama alƙalin saniyarsa ba, akwai sarkin fawa a kansa, kuma babu mahaucin da ke ɗaukar hakan zagi. An yarda cewa mutumin kirki ma, in kuɗinsa na cikin nama, hancinsa kan rage ji. Abin da aka yarda da shi don ciki ba a kai ga yarda da shi don mota ba. Takardar binciken lafiyar mota tana da amfaninta, amma lokaci-lokaci ake yinta, ƙarfe kuwa kullum yake canzawa. Tasha tana da shugabanni, suna tsara layi, suna karɓar kamasho, suna raba faɗa. Da wuya a ji sun sauke lodi saboda taya.

Dalili shi ne a'a tana da farashi, kuma a yanzu mai faɗinta shi kaɗai ke biya. Makanikin da ya ce "maigida, wannan ba za ta je ba" yana kallo za a tura motar zuwa rumfar maƙwabcinsa, wanda zai ɗaure da waya ya ce za ta kai. Fasinja ma suna da kasonsu: su ne masu tsaki in direba ya tsaya duba ƙarƙashi, su ne masu yabon wanda ya riga kowa isa. Muddin jinkiri abin kunya ne a tasha, mai gaskiya zai ci gaba da asara.

Saura mutum ɗaya da ba a ambata ba, kuma shi ya fi kowa ganin ƙarƙashin mota. Karen mota, ko aparanti kamar yadda ake ce masa, shi ke kwanciya a rairayi ya ɗaure, shi ke sa wejin itace a bayan taya a kan hawa, shi ke fara ganin tsaga. Bayan karon jirage biyu a Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka mutu, kamfanonin jiragen sama sun gane cewa na ƙasa yakan ga haɗari ya kasa nanata wa na sama, suka shiga koya wa ƙarami yin magana, babba kuma saurare, aikin da ya ci shekaru. A nan tarbiyya ce kanta ke rufe bakin yaron, tarbiyyar da ake alfahari da ita kuma da dalili: yaro ba ya gyara wa ubangidansa magana a gaban mutane. Yakan fito daga ƙarƙashi, ya goge hannu a riga, a tambaye shi ko lafiya, ya dubi buhunan da aka riga aka ɗaure, da matan da suka riga suka hau, ya ce lafiya lau, sannan ya kama ƙarfen baya ya maƙale.